Farantin Yuro Biyar

Shekara talatin da huɗu Onofrio ya yi yana duba tikiti a jirgin ƙasa tsakanin Bari da Foggia, kuma abin da aikin ya bar masa, ban da ciwon gwiwa da ɗan fansho, shi ne imanin cewa kowa akwai abin da yake ɓoyewa. Idan mutum ya gaishe shi da fara'a, sai ya shafa aljihunsa. Idan mai kifi ya yi masa gyara, sai ya sunsuni kifin sau biyu. Matarsa Palma ce kaɗai ta iya da shi, ita ma ba don ya bar halin ba, don dai ta daina saurarensa ne. A watan Nuwamba Allah ya yi mata rasuwa, ta bar shi a hawa na biyu a unguwar Madonnella, shi da tukwanen da bai san wacce ake dafa me a ciki ba.

Kafin ƙarshen Fabrairu ya ƙara huda biyu a bel ɗinsa. 'Yarsa Loredana, wadda take aikin jinya a Torino, ta zo ganinsa, ta buɗe firji ta tarar da rabin lemun tsami da gwangwanin kifi da wani cuku da ya bushe ya tsage. Ba ta yi masa faɗa ba, kuma da faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi. Ɗora shi ta yi a kan sikeli kamar buhun dankali, ta rubuta abin da ta gani a bayan kalanda. Ta ce za ta dawo lokacin bikin Ista. Idan ta same shi yadda ta bar shi, to ɗaki yana nan an gyara masa a gidanta, ba kuma shawara take nema ba.

Onofrio ya san ɗakin, ya taɓa kwana uku a ciki. Hawa na bakwai ne, tagarsa tana kallon bangon wani gini, babu teku, babu wanda ya san sunansa, kuma daga can zuwa maƙabartar da Palma take tafiyar yini guda ce a jirgi. Kowace Laraba yakan je ya canja mata ruwan furanni ya ba ta labarin waɗanda suka cuce shi a makon. Ya tabbata idan aka kai shi Torino ba zai ga wani hunturun ba. Don haka ya zama dole ya samu inda zai riƙa cin abincin rana, wanda fanshonsa zai ɗauka, kuma maƙogwaronsa zai yarda ya wuce.

Na biyun ne matsalar. Mutumin da bai iya dafa ƙwai ba, amma shekara arba'in da ɗaya yana cin girkin Palma, harshensa ya zama alƙali mara tausayi. Ya fara da wani wuri a bakin teku, inda wani gaye mai man gashi yake tsayawa a ƙofa yana kiran mutane, ga hotunan abinci an manna a allo don baƙi. Yuro goma sha takwas, taliyar kuma, irin ƙananan nan da ake lotsawa da babban yatsa, sumul kamar maɓallin riga, kowace ɗaya sak 'yar'uwarta. Ya kira gayen ya tambaye shi wace baiwar Allah ce take da babban yatsa irin na inji. A wuri na biyu an sa sukari a miya don a rufe tsamin tumatirin gwangwani. A na uku bai ma zauna ba, ƙarar na'urar ɗumama abinci ya ji daga kicin, ya juya.

Akwai kuma maganar kwalabe, wadda ta fi yunwar cin ransa.

Kowane Agusta, a tsakar gidan Enza ƙanwar Palma, sukan yi tumatirin shekara. Aikin Onofrio shi ne juya injin markaɗe da kula da wutar da ke ƙarƙashin duro, aikin mata kuma wanki da ɗuri. Duk unguwar ganyen ɗoɗɗoya ake sakawa a kwalba kafin a rufe, ban da Palma. Ita ganyen lemun tsami guda take jefawa, kamar yadda kakarta take yi, a yi ta yi mata dariya ko a jikinta. Sannan ta ɗaura zare a wuyan kowace kwalba, kowace shekara da launinta. Agustan ƙarshe jikin ya riga ya fara ƙi, a zaune ta yi ɗurin, sittin kawai suka samu, zaren kuma kore. Har ta kwanta ba a taɓa su ba, na shekarar da ta gabata ake ci. Mako biyu bayan jana'iza ya sauka ɗakin ajiya na ƙasa, ya kunna fitila, ya ƙirga goma sha biyu. Ya sake ƙirgawa, goma sha biyu dai.

Mutum uku ne masu makullin ɗakin nan, ɗaya tana kabari, ɗaya shi ne, ta ukun Enza. Ya tare Enza a ƙofar coci ya tambaye ta, a gaban mutane, inda arba'in da takwas suka shiga. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Nofri, je ka gida ka kwanta." Ba ta musa ba, wannan shi ne abin da ya riƙe. Tun daga ranar ko gaisuwa ba ta haɗa su. Goma sha biyun ya kwashe ya hau da su ya jera a cikin kabad ɗin kayan Palma, bai buɗe ko ɗaya ba, don in ya buɗe to saura goma sha ɗaya ke nan.

A layin gidan burodi ya fara jin labarin wurin Sabina, kuma daga bakin Enza. Tana gabansa da mutum biyu, ta yi kamar ba ta gan shi ba, tana gaya wa wata mata da ƙarfi cewa wurin nan na bayan garejin makanikai sai leburori, ita ko kyauta aka ba ta ba za ta zauna a kan waɗannan kujerun ba. Onofrio ya yi nazari. Duk abin da ɓarauniya ta kushe, ai ya cancanci a duba shi. Ƙarfe ɗaya na rana yana ƙofar wurin.

Babu allo, babu suna, sai labulen duwatsun ado da ƙamshin tafarnuwa a man zaitun. Tebur bakwai ne, kowanne da shimfiɗar takarda. Magina uku suna ci ba mai magana, ga ɗan aiken gidan waya ya ajiye jakarsa a ƙasa, ga talabijin a kunne an kashe muryarta. Wata mata mai faɗin kafaɗa, da tabarau a rataye a wuya, ta fito daga kicin tana goge hannu. Da ta gan shi sai ta tsaya, ta dube shi fiye da yadda ake duban baƙo.

"Don Onofrio," ta ce, yadda ake kiran dattijo da girmamawa a can, "zauna."

"Wa ya gaya miki sunana?"

"Duk wanda ya taɓa hawa jirgin Foggia ba tikiti ya san ka. Ƙanena har yau in ya ga hula irin taku sai ya nemi banɗaki."

Maginan suka yi dariya, shi bai yi ba. Ya nemi takardar jerin abinci, ta ce ita ce takardar, yau akwai taliyar hannu da miyar tumatir, akwai wake da ganye, wanda bai so ba ga ƙofa nan. Ya ce taliya. Ya lura wanda ya shigo bayansa an riga shi samu, ya ajiye wannan a ransa.

Da farantin ya zo bai kai baki ba sai da ya yi bincike. Ya ɗaga ɗaya da cokali mai yatsu ya juya ta a haske. Bayanta da kaushi, irin wanda katako ke bari, ga shatin yatsa, wata ta fi wata girma, wata ta karkace. Hannu ne, ba makawa, kuma hakan ya ɗan ɓata masa rai don ya zo da maganar da zai yaɓa mata. Sai ya ɗanɗana. Daga nan bai san yadda aka yi ba, sai ganin kansa ya yi yana share farantin da burodi, har ya yi fari kamar an wanke. Wani abu ya tokare masa ƙirji wanda bai gane kansa ba. Ya ce yunwa ce, mai yunwa ko takalmi aka dafa masa zai yaba.

Sabina ta zo ta rubuta lamba biyar a kan shimfiɗar takardar da fensir. Ya dubi lambar, ya dube ta. Da idonsa ya ga kowane magini ya ajiye goma sha biyu.

"Na 'yan fansho ne," ta ce, ta wuce.

Onofrio ya sauka titi cikinsa cike, hankalinsa a tashe. A duniyar nan babu mai murza taliya da hannu, ya kawo burodi da cuku da kofi, ya karɓi yuro biyar don Allah. Ya sha ganin irin wannan a jirgi. Wanda ya fi kowa saurin miƙo tikiti da murmushi, shi ne wanda tikitinsa na jiya ne. Ya yanke shawarar zai koma gobe, ba don abincin ba, don ya gano inda cutar take.

Haka ya yi ta komawa, kullum ban da Litinin da ake rufewa. Ya zauna da jarida yana leƙe ta samanta. Da farko ya ɗauka man zaitun ne na jabu, ya tsiyaya kaɗan a cokali ya kurɓa, man ya ƙona masa maƙogwaro yadda na kirki yake yi. Ya ɗauka wurin na wasu manya ne da ke wanke kuɗin haram, amma a mako biyu babban mutumin da ya gani ya shigo shi ne mai karanta mitar ruwa. Ya bi mai kawo gari har bakin motarsa ya karanta rubutun buhun. Komai daidai, kuma babu abin da ke tayar wa Onofrio hankali kamar komai ya zama daidai.

Sai ya kawo ɗan gwaji. Trifone, tsohon direban bas da suke karta a dandali, ya girme shi da shekara shida, in dai fansho ne ya fi shi cancanta. Ya ja shi suka zauna tebur ɗaya, suka nemi abu ɗaya. Na Trifone ya riga zuwa. Onofrio ya miƙa cokali ya ɗiba daga farantin abokin ba ko izini. Miya ce mai kyau, ta ɗoɗɗoya, irin ta kowa. Da nasa ya zo, launin ma daban. A ƙarshe Sabina ta rubuta goma sha biyu a gaban Trifone, biyar a gabansa, ko kunya babu.

"To ni ba ɗan fansho ba ne, Sinyora?" in ji Trifone.

"Kai kana da mai dafa maka a gida. Ka gaishe ta."

A hanya Trifone ya yi ta tsokanarsa, wai bazawara ce ta ga gwauro mai gida a hawa na biyu, ya shirya sayen kwat. Onofrio bai ga abin dariya ba, don shi ma ya yi wannan tunanin, har ya wuce nan. Ya taɓa hangowa ta tsakanin labule, akwai wata 'yar tukunya da take ɗorawa a gefe sai ya shigo. Mutum ɗaya tak ake yi wa tukunya daban a gidan abinci, kuma a karɓi ƙasa da rabi a hannunsa. Ya tuna labaran tsofaffin da ake ba wa wani abu kaɗan-kaɗan har su sa hannu a takarda. Kowace safiya sai ya duba harshensa da farin idonsa a madubi. Abin haushin shi ne babu abin da ya same shi sai lafiya. Bel ya koma baya da huda ɗaya, matakalar gida ta rage tsawo, har maƙwabciya ta ce fuskarsa ta ciko. Ya gode mata, ya shiga tunanin ko ita ma da ita aka haɗa baki.

Saura kwana takwas Ista, ranar wata Asabar, ya ji wani abu a tsakanin haƙoransa. Ya ciro ya shimfiɗa a gefen faranti. Ɗan guntun ganye ne, mai kauri, mai sheƙi. Ya murza shi a yatsa ya kai hanci, sai ƙamshin lemun tsami. Duk Bari mace ɗaya ce take saka wannan ganyen a tumatir. Ashe abin da yake tokare masa ƙirji ke nan mako biyar, harshensa ya gane tun ranar farko, shi ne ya ƙi saurare.

Ya biya, ya fita, ya zagaya ta lungun baya inda ake ajiye akwatunan kwalabe. Bai sha wahalar nema ba. Tsohuwar kwalbar giya ce ruwan ƙasa, an ɗauraye ta, ga koren zare a wuyanta, da irin ƙullin Palma, biyu a kan ɗaya. Ya saka ta a aljihu ya tafi gida.

Yanzu komai ya fito fili. Enza ta kwashe kayan 'yar'uwarta tun gawa ba ta yi sanyi ba ta sayar wa wannan matar. Kushen da ta yi a gidan burodi don ta kau da shi daga wurin ne. Ita kuwa Sabina, da ta ga mai kaya ya shigo da ƙafarsa, sai tsoro ko rainin hankali ya sa take sayar masa da abinsa a kan yuro biyar. Shi Onofrio, wanda babu ɗalibin da ya taɓa wuce shi da tikitin bogi, an zaunar da shi mako biyar yana cin kayan sata daga ɗakin ajiyarsa, har yana share faranti. Baƙin ciki ya cika shi, amma abin da ya fi zafi shi ne tunanin sauran. Wa ya san ko su waye suka cinye aikin hannunta na ƙarshe suna kallon talabijin?

Kwana huɗu bai je ba. Ya zauna a gida yana shan kofi da busasshen burodi, yana tsara maganar da zai yi. Ya san sarai Loredana tana tafe da sikelinta, ya ga bel yana neman komawa inda ya fito, amma ya rantse ba zai sake haɗiye loma ɗaya a wurin ba. Ranar Laraba ya je maƙabarta ya gaya wa Palma komai, ya ce mata dama ya sha faɗa mata halin ƙanwarta.

Ranar Alhamis ya sa kwat ɗinsa mai kyau, ya saka kwalbar a aljihun ciki, ya isa ƙarfe ɗaya da rabi lokacin da babu kujera ko ɗaya a banza sai tasa. Sabina ta dube shi ta ce ta ɗauka ya mutu ne. Ya bari ta shiga, ya bari ta ɗora 'yar tukunyar, ya bari ta kawo farantin ta ajiye. Sannan ya miƙe, ya ciro kwalbar ya dasa ta a tsakiyar tebur, ya yi magana da muryar da yake tashin masu barcin ƙarya a jirgi.

"Sinyora, a ina kika samo wannan?"

Cokula suka tsaya. Ya gaya wa ɗakin duka cewa kwalbar matarsa ce marigayiya, an sace arba'in da takwas daga gidansa, ya san wadda ta sata, yanzu kuma ya san wadda ta saya. Ya ce mai sayen kayan sata da ɓarawo hukuncinsu ɗaya. Ya ambaci sunan Enza har sau biyu.

Sabina ba ta firgita ba, kuma wannan ne abu na farko da ya saɓa wa tsarinsa. Ta cire tabarau ta bar shi ya faɗa ƙirjinta. Fuskarta ta yi ja, amma na fushi.

"Shekara talatin ina girki a ɗakin nan ba wanda ya taɓa ce mini ɓarauniya," ta ce. "Tunda a gaban mutane ka tambaya, a gabansu za ka ji. Zauna, tsoho, kafin ka faɗi."

Bai zauna ba, sai ta ci gaba. Ta ce ita da Palma tare suka yi aikin ɗinki suna 'yan mata, kuma kowace Talata da safe, lokacin da yake dandali yana zargin Trifone da ɓoye kati, a wannan kicin ɗin Palma take shan kofi. Shekara arba'in da ɗaya yana zaune da mace bai san inda take zuwa ranar Talata ba, shi mai bincike. A watan Oktoba, kwana biyu bayan likita ya gaya wa Palma gaskiya, sai ta aike shi ofishin fansho ya bi layi a kan wata takarda da ba a buƙata. Kafin ya dawo an yi sawu uku da 'yar motar Enza. Kwalaben suna nan a bayan buhunan gari, ba wanda ya taɓa ɗanɗana su sai shi.

Onofrio ya ce ƙarya ne, amma muryar ba ta fito da ƙarfi ba. Ya ce in haka ne me ya hana a gaya masa.

"Ta hana. Ta ce in an gaya maka za ka kwashe su ka rufe a kabad ka zauna kana gadi har ka bushe. Ta bar maka goma sha biyu don ta gwada. Nawa ka buɗe?"

Ba ta jira amsarsa ba, ta ci gaba.

"Ta ce kar na ba ka kyauta, ba za ka dawo ba, za ka ce sadaka ce. Kar na karɓi cikakken kuɗi, za ka ce tsada. Na ce to nawa? Ta ce biyar. Ta ce, 'Biyar zai hana shi barci. Mijina ba ya komawa wuri don daɗi, amma in yana zargin ana cutarsa, kullum sai ya zo ya duba.'"

Wani daga cikin maginan ya fara dariya, ɗan'uwansa ya zungure shi. Sabina ta ce ita ma Enza umarni aka ba ta, ta yi shiru duk abin da zai ce, kuma in ta ga ya fara ramewa ta kushe wurin a inda zai ji, don abin da aka yaba masa ba ya zuwa. Wata huɗu baiwar Allah tana shan sunan ɓarauniya a unguwa, har matan coci sun fara riƙe jakunkunansu in ta zauna kusa. Kowane dare sai ta bugo waya ta tambaya ko ya cinye.

Sai a lokacin ya zauna. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, irin wadda bai taɓa ji ba, kuma a ƙarƙashinta akwai kewar matar nan da ta san shi ciki da waje, ta san mugun halinsa, maimakon ta yi ta fama da shi sai ta ɗaure masa abinci a jikinsa. Ya daɗe yana kallon kwalbar. Da ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne tambayar nawa suka rage.

"Talatin da ɗaya."

"Ki ba ni su. Zan biya duk abin da kika ce."

"Ba zan bayar ba. Ta ce za ka roƙa, ta ce ko kuka ka yi kar na yarda. A nan za ka ci su, a faranti, cikin mutane." Ta ɗauki tsumma ta goge gefen teburin da ba shi da datti. "Na ji an ce 'yarka za ta tafi da kai Torino. In ka tafi, ba zan bar su su lalace ba. Duk wanda ya shigo zan zuba masa, har da Trifone."

"Wa ya ce miki zan tafi Torino?"

"Wuyan rigarka ne ya ce."

Hira ta fara dawowa a sauran teburan, a hankali, kowa yana yi kamar bai ji komai ba. Sabina ta juya za ta koma kicin, sai ya kira ta, wannan karon ƙasa-ƙasa. Ya tambaye ta ko ranar da aka kawo kayan Palma ta shigo da kanta, don a Oktoba ko banɗaki sai ya riƙe ta.

Sabina ta ce da ƙafarta ta shigo, Enza tana riƙe da ita. Ba ta iya ɗaukar ko kwalba ɗaya ba, amma ta ƙi zama a mota. Tebur bakwai ɗin nan sai da ta zauna a kowanne, tana hutawa tsakani, tana sa a buɗe ƙofa a rufe. Wannan da yake kai ta zaɓa, don shi kaɗai ne iska ba ta bugowa, ta ce ƙirjinsa ba ya son sanyi kuma ba zai taɓa faɗa ba.

Daidai lokacin wani ya ɗaga labule ya shigo, shimfiɗun takarda suka motsa a kan teburan da ke kusa da ƙofa. Ta gabansa ba ta motsa ba.

Taliyar ta huce, miyar ta fara kamewa a gefe. Sabina ta miƙa hannu za ta ɗauka ta ɗumama, ya riƙe bakin farantin ya ce ta bari. Ya ɗauki cokali ya fara ci a hankali, hawaye yana gangarowa ta gefen hancinsa, bai goge ba, ba kuma wanda ya dube shi. Da ya kai rabi, ba tare da ya ɗago kai ba, ya ce ta ƙaro burodi, kuma gobe ta sa faranti biyu a teburin. Ya ce kar ta cika cuku a ɗayan, Enza ba ta so.